Fom Ɗin Talla Ba Ya Ganin Kaya



Wannan nasiha ce zuwa ga 'ya'yana da jikokina na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, maza da mata, waɗanda suka mai da wayar hannu rumfar kasuwa. Ni dai a dillancin hatsi na tsufa. Tun ana ɗaure kuɗi a lalita nake cin kasuwar Laraba ta Makarfi, har Allah Ya nuna mini zamanin da yaro zai sayar da waken suya mota guda yana kishingiɗe a zauren ubansa a Hunkuyi, mai sayen yana Ibadan, ba su taɓa haɗa ido ba. Ba na cikin dattawan da ke ganin laifin wannan. Kowane zamani da kasuwarsa, wanda ya ƙi cin tasa kuwa zai ci ta wani da tsada.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da na ga ta zama ruwan dare a tsakaninku. Mai talla a waya ba ya zama kullum ya rubuta bayanin kayansa daga farko. Sau ɗaya yake tsarawa ya adana, duk ranar da kaya suka shigo sai ya kwafo, ya canza 'yan kalmomi, ya saki. Manyan shafukan gwanjo na intanet irin su eBay har wuri suka ware domin wannan: ka tsara fom ɗinka da take da bayani da sharuɗɗan biya da na aikawa, ka sa masa suna, gobe ka buɗe ka cike gurabe. Manhajar WhatsApp Business da ta fito a 2018 tana da wurin ajiye amsoshin da kake yawan bayarwa, da kundin jera kaya da hotunansu da farashinsu. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014, shi ma fom yake miƙo maka. Galibin yaranmu kuwa nasu fom ɗin bai wuce wani tsohon saƙo da suke kwafowa su liƙa a guruf ko a sitatus ko a Facebook ba. Ko wanne ne dai, tafiyar ɗaya ce: rubutu tsayayye ake maimaitawa a kan kayan da ba sa tsayawa.

Ga maganata a dunƙule. Ku yi fom, ku kyautata shi, domin amfaninsa ba kaɗan ba ne. Amma ku sani fom ba shi da ido. Abin da ka rubuta jiya shi zai faɗa yau, ko da kayan yau ba na jiya ba ne, kuma da sunanka zai faɗa.

Malamanmu sun riga ku

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure har ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ji hukuncin sayar da kayan da ke ɗaure cikin dila bisa takardar bayani, wadda malamai ke kira barnamaj. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ware wa mas'alar babi guda a Muwaɗɗa. Fatake ne ke sauka da dilolin tufafi. A ce sai an kwance kowace dila an baje wa duk mai taya, wahala ce kuma ɓata kaya ne. Sai aka yarda mai kaya ya karanto takardar da ke faɗin adadin tufafin da irinsu da tsawonsu. In an saya a kan haka, aka kwance aka tarar da kaya daidai da takarda, ciniki ya ɗauru, mai saye ba shi da ta cewa. In kuwa kaya sun saɓa wa takarda, yana da ikon mayarwa.

Ku lura da inda nauyin ya faɗa. Ba don takardar ta yi kyau aka halatta cinikin ba. An halatta shi ne saboda takardar ta tsaya a madadin idon mai saye. Mu a kasuwa, mutum zai soka hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe, ya shinshina ya ji ko an sa magani. Wanda ke Fatakwal ko Onitsha ba shi da wannan damar. Rubutunka ne hannunsa, shi ne haƙorinsa, shi ne hancinsa. In rubutun bai cika wannan aikin ba, cinikin biri a sama kuka yi, ko da kuɗi sun shigo.

Amfanin fom

Na farko, yana rage wahala. Da kaka, lokacin da masara da dawa da waken suya ke shigowa a tare, babu mai sukunin rubuta dogon bayani sau ashirin a yini yana kuma lura da 'yan dako.

Na biyu, kuma wannan ya fi na farko, yana maganin mantuwa. Mafi yawan rigingimun da aka kira ni sulhu a kansu ba daga ƙarya suka taso ba, daga abin da ba a faɗa ba ne. Wa zai biya kuɗin lodi? Buhun na kilo nawa ne? Kuɗin dillali a cikin farashi yake ko daban? Kowa ya yi shiru yana zaton an fahimce shi, sai da mota ta isa aka gane kowa da tasa fahimtar. Fom mai kyau yana tilasta maka amsa waɗannan tambayoyi tun ba a yi su ba.

Na uku, yana sa ka faɗa wa kowa magana ɗaya. Sharaɗin da ka gindaya wa baƙo shi ka gindaya wa ɗan gari, babu mai cewa an yi masa wani awo daban.

Na huɗu, yana ba ka damar barin aiki a hannun wani. Ka tafi fadama ban-ruwa, ƙaninka ko uwargidanka za su iya amsa masu tambaya ba tare da sun ƙago maka sharaɗin da ba ka sani ba.

Raba fom gida biyu

Kowane fom yana da abin da ke zaune da abin da ke tafiya. Abin da ke zaune naka ne: sunanka na ciniki, garin da kake, yadda ake biyanka, tashar da kake ɗora kaya, ranakun da kake lodi, da abin da za ka yi in kaya suka isa ba yadda ka faɗa ba. Wannan alkawarinka ne, ka rubuta shi sau ɗaya da natsuwa, ka nuna wa wani babba ya duba maka, sannan ka bar shi. Abin da ke tafiya kuwa na kayan ne, kuma shi ba a adana shi a cike. A bar shi fanko. Ga misalin na masara:

Kaya: masara fara ko ja ……
Noman bana ko na bara: ……
Awo: buhu mai kilo …… ko tiya ……, tiyar kasuwar ……
Buhu nawa ke ƙasa: ……
Bushewa da tsafta: ……
An sa maganin ajiya ko ba a sa ba, wane iri, yaushe: ……
Aibi: ……
Inda kaya suke: ……
Farashi: ……, na yau …… ga wata, zuwa ƙarfe ……
Lodi da kuɗin mota a kan: ……
Ranar da aka ɗauki hoto: ……

Kada ka raina layin awo. Cewa “buhu” kawai ba magana ba ce. Akwai buhun da ake kira na kilo 100 amma in ya hau sikeli ba ya kaiwa, akwai wanda aka ɗinka masa baki ya wuce. Ana cewa buhu tiya 40 ne, to tiyar ina? Ta wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta Anchau ko ta Giwa ko ta Dawanau ba. In kana da sikeli, rubuta kilo ka huta. In kamfanin abincin kaji kake nema ya saya, ka sani da na'ura suke gwada danshi, kuma masarar ajiya ana son danshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin ɗari. Kada ka rubuta “ta bushe ƙayau” alhali haƙori kawai ka gwada da shi. Rubuta abin da ka yi: an shanya kwana kaza, ba a gwada da na'ura ba.

Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida: kullum daga fom fanko ake farawa, ba daga tallan jiya ba. Wanda ke kwafo tallan jiya yana gogewa yana canzawa, wata rana sai ya tsallake layi. Wanda ya fara da gurbi fanko kuwa, in ya manta, gurbin zai yi ta kallonsa.

Gurbin aibi

A cikin duk layukan nan, wanda na fi so ku riƙe shi ne na aibi, kuma shi ne wanda ban cika gani a tallanku ba. Kowa ya san labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin wani mai tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji lema. Mai kaya ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma nuna cewa mai algus ya fita daga tafarkin Musulmi. A kasuwar waya, saman tsibi shi ne hoton farko da layin farko. Wanda ya kai aibin kaya can ƙarshen rubutu cikin ƙananan kalmomi, ko ya ɗauki hoto ta gefen da babu tabo, ya tura jiƙaƙƙen ƙasa ke nan.

Kuna tsoron in kun faɗi aibi kaya ba za su fita ba. To ku ji yadda shi kansa eBay ya faro. A watan Satumba na 1995 wani matashi a Amurka mai suna Pierre Omidyar ya buɗe shafin da sunan AuctionWeb. Cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar nuni, irin wadda ake haska allo da ita wajen lacca, kuma ya bayyana ƙarara cewa ta lalace. Duk da haka aka taya, ta fita a kan dala 14 da santi 83. Kowane kaya da mai sonsa, in dai an gaya masa gaskiya. Masarar da ƙwari suka fara taɓawa tana da masu saye, masu kiwo ne. Tumatirin da ya nuna sosai yana da masu saye, masu yankawa su shanya ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo ya kama ka da faɗa ba. Wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya shi ne mai kai ƙara.

Saboda haka gurbin aibi ba a barinsa fanko, ba a kuma goge shi. In ka duba ba ka ga komai ba, rubuta “na duba, ban ga aibi ba.” Wannan jimla da kanta za ta tashe ka ka je ka duba.

Inda fom ke yi maka ƙarya

Akwai wani yaro a wajenmu, mai hankali, ɗan gidan mutunci, da ke tura tumatir kudu. Da sanyi, lokacin da tumatirin rani ke fitowa da tauri, ya rubuta a tallansa cewa kayansa suna isa Legas lafiya lau, kuma a lokacin gaskiya ya faɗa. Aka shiga bazara, zafi ya sauko, tumatir ya fara laushi tun a gona, layin nan yana nan bai taɓa shi ba. Wata mata ta biya kuɗin kwanduna masu yawa a kan wannan magana, kaya suka isa suna tsiyaya. Da aka zauna sulhu ya rantse bai yi niyyar cuta ba, kuma na yarda da shi. Amma matar ta buɗe waya ta nuna rubutunsa, babu wanda ya iya cewa uffan. Ya biya rabin asara, ya kuma rasa ita da duk waɗanda take kawo masa.

Mutanen Makarfi sun san aikin mazarƙwaila. Kwanukan da ake zubawa su ne dai na jiya, siffar da za ta fito ita ce ta jiya, amma zaƙi da kyan launi daga raken yau suke da wutar yau. In rake ya kwana ya yi tsami, kyan kwano ba ya gyara shi. Haka fom yake.

Abubuwa uku ne suka fi saurin ruɓewa a cikinsa. Na farko kalmomin yabo: “sabon shigowa”, “lamba ɗaya”, “saura kaɗan”, “babu irinsa”. Duk wanda ya dasa waɗannan a sashen da ke zaune ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa kullum ba. Cire su. Na biyu hoto. Hoton buhunan bara ba ya sayar da na bana, hoton da ka ɗauko a shafin wani kuwa sata ce da yaudara a haɗe. Ɗauki sabo da rana, ba tare da kwalliyar da waya ke yi wa hoto ba, ka ajiye 'yar takarda mai sunanka da kwanan wata a jikin kayan. In bidiyo ne, farke buhu daga tsakiya, ka juye kwando a ga gindinsa. Na uku farashi. Waɗanda suka yi noman tumatir a 2016 ba su manta shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ta cinye gonaki ba, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuɗin kwando ya ninka ninkin-ba-ninkin cikin 'yan makonni. Ko ba annoba, farashin safiyar Laraba ba shi ne na la'asar ba. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma abin da ka sa a Facebook yana nan har sai ka sauke shi. Farashin da ba shi da kwanan wata tarko ne ka ɗana wa kanka. Kaya in sun ƙare kuma, sauke tallan ko ka rubuta “an sayar”.

Kowane kaya da nasa

Kada ka yi wa kaya duka fom ɗaya. Tambayar mai sayen rake daban take da ta mai sayen rago.

Mai tumatir da tattasai da attarugu, daga fadamun Kudan da Hunkuyi da Likoro ko na wajen Ikara, ya sa gurbin iri, da ranar da aka tsinka, da yadda ya nuna, da mazubi: kwando ne, babba ko ƙarami, ko kuwa kiret ɗin roba mai ɗaukar wajen kilo 25. Wanda za a kai kamfanin tumatir a markaɗa nan kusa, da wanda zai kwana a hanya kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas, ba nuna ɗaya ake so su yi ba.

Mai rake ya faɗi irinsa, da sanda nawa ke cikin dami, da kaurinsa, da ranar sara. Mai mazarƙwaila ya faɗi guda nawa ke cikin buhu ko kwali, da lokacin da aka dafa.

Mai ragunan Layya ya faɗi irin ragon, Balami ne ko Uda ko Yankasa, da shekarunsa, ya nuna haƙora a bidiyo, ya sa a ja shi ya yi tafiya a gani. Aibobin da ke hana Layya sanannu ne: bayyanannen harari-garke na mai ido ɗaya, da bayyananniyar cuta, da gurguntaka, da ramar da ta cinye kitse. Kowanne ya samu layinsa. Wanda ya ɓoye ɗaya daga ciki ba kuɗin mutum kawai ya ci ba, ibadarsa ya taɓa.

'Ya'yana mata masu saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari kuna sayarwa daga cikin gida, ku rubuta yadi nawa ne, wane kamfani ne, na asali ne ko kwaikwayo, yana zuba ko ba ya zuba. Ku ƙara layi guda da ke cewa launi a waya yakan ɗan saɓa da na ido. Mai tsohuwar waya ko babur ya faɗi abin da aka taɓa canzawa, da ko akwai rasit da takardu.

In gwanjo za ka yi

Yanzu har a guruf-guruf ana yin gwanjo, a sa kaya a ce wa zai ƙara. Shari'a ba ta hana wannan ba. Amma fom ɗin gwanjo yana da ƙarin layuka huɗu da ba a wasa da su: kuɗin da za a fara tayi da shi, mafi ƙarancin abin da ake ƙarawa, ranar rufewa da ƙarfe nawa, da wa'adin da aka ba wanda ya ci ya biya. In akwai farashin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba, faɗa tun farko. A eBay mai kaya yakan zaɓi kwana 1 ko 3 ko 5 ko 7 ko 10, in lokaci ya cika na'ura ce ke rufewa, babu roƙo. A guruf kai ne na'urar. Ka ce ƙarfe tara, to tara ɗin. Kada abokinka ya turo tayi tara da minti biyar ka karɓa, kada kuma ka ga kuɗi ba su kai yadda kake so ba ka ce waya ce ta mutu.

Kada ka sa ƙaninka ko wani layinka na biyu ya riƙa ƙara tayi don farashi ya hau alhali ba saye zai yi ba. Wannan shi ne najashu da Manzon Allah ya hana, su ma shafukan Turawa suna rufe asusun wanda suka kama da shi.

Ku kuma masu saye, kyan fom ba shaidar gaskiya ba ne. Hukumar Kwastam ta Najeriya ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017, ta sake sabunta tsarin a Janairun 2024, kuma a shafinta na hukuma take yi. Amma 'yan damfara sun cika Facebook da tallan motocin gwanjo da sunanta, da tambari da hoton mai kaki da rubutu tsaf, suna neman a tura kuɗi asusun wani mutum. Ɓarawo ma ya iya tsara fom, sau da yawa ma ya fi mai gaskiya iyawa, don shi ba shi da wani aikin.

Kuɗi, hanya da shaida

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai sayar da rake a Tashar Yari ya koyi karɓar tiransifa. To a sashen da ke zaune ka sa asusu ɗaya, mai ɗauke da sunan da aka san ka da shi, ka kuma rubuta cewa ba ka canza asusu ta saƙo. Ranar da aka sace maka layi, wannan jimla za ta ceci mutane. Ka rubuta cewa kaya ba sa tashi sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi da idonka, hoton rasit ko alat ba ya wadatarwa, don na bogi sun yi yawa.

Sai dai shi ma mai saye yana da nasa tsoron. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a ga kayan da ke nesa, musamman irin waɗanda kan canza a hanya. Ka je ka tambayi malamin unguwarku yadda za ka tsara naka. Hanyar da na ga tana kawo zaman lafiya ita ce a ba da kafin-alƙalami, a cika in kaya sun isa, ko a ajiye kuɗin hannun amintaccen da ku biyu kuka yarda da shi. Ka kuma fayyace asarar hanya a kan wa take, daga lokacin da direba ya karɓi kaya aka rubuta webil.

Ku sani rubutun nan shaida ne. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta da waya a kotu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana siffanta kaya da abin da zai ruɗi mai saye. Maganar baka a bakin rumfa iska kan ɗauke ta. Ta waya tana nan a hannun mutumin da ka sayar wa.

Harshe da rantsuwa

Taƙaita. A eBay take ba ya wuce harafi 80, kuma dabara ce mai kyau ko a ina: sunan kaya, irinsa, awonsa, garin da yake. Tarin hotunan wuta da tafi da taurari ba sa ƙara wa buhu ko tiya ɗaya. In kana ciniki da mutanen kudu, tanadi fom na Hausa da na Turanci, ka sa wanda ya iya ya tabbatar magana ɗaya suke faɗa. Ga wanda ba ya karatun boko, karanta masa fom ɗin a saƙon murya daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake layin aibi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: na ga masu sa “wallahi” da “tsakanina da Allah” a cikin fom. Yarana, ku ji tsoron Allah. An gargaɗe mu cewa rantsuwa a ciniki tana fitar da kaya amma tana shafe albarka, wannan fa ga wanda ya buɗe baki ya rantse sau ɗaya ke nan. Ina ga wanda ya adana rantsuwa a waya, take fita da sunansa sau ɗari a mako, a kan kayan da wani lokaci ko ganinsu bai yi ba? Ku goge ta yau. Bayani cikakke ba ya bukatar rantsuwa.

Don haka kafin kasuwa mai zuwa, kowa ya buɗe wayarsa ya karanta tallansa kamar shi ne baƙon da zai tura kuɗin guminsa daga nesa. Ya cire yabo da rantsuwa, ya mai da duk bayanin kaya gurbi fanko, ya ƙara layin aibi da na kwanan wata. Daga nan kuma kada ya sake cike gurbi ko ɗaya sai yana tsaye a gaban kayan. Iyaye da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku riƙa karɓar wayoyin yaran nan kuna duba abin da suke rubutawa, domin sunan gidajenku da na garuruwanku suke talla da shi. Allah Ya sa albarka a nemanku, Ya tsare ku daga cin haƙƙin wani.